Ƙawata gida a ƙasar Holan: daga ina suke samo dabaru?

Duk baƙon da ya ratsa wata unguwa a Amsterdam ko Utrecht bayan faɗuwar rana, tagogi ne za su fara ɗaukar hankalinsa. Manya ne, suna fuskantar titi, kuma da yawansu ba a sakar musu labule ba. Yana tafe yana hango falon mutane: fitila a kusurwa, tukwanen furanni jere a bakin taga, kantar littattafai, iyali sun kewaye tebur suna cin abincin dare. Masu gidan sun san ana ganinsu. Ladabin wurin shi ne mai wucewa ya kalla ya wuce, kada ya tsaya ya zura ido.

A nan mutumin Holan yake fara koyon adon gida. Kafin ya buɗe mujalla ko ya shiga kanti, ya riga ya ga ɗaruruwan falo a hanyarsa ta zuwa aiki a kan keke. Sauran dabarun kuma yanayin ƙasarsa da tarihinta ne suka koya masa.

Haske kafin komai

A watan Disamba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta bai cika awa 8 ba a Holan, kuma sau da yawa gajimare ne ke rufe sama. Wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san haske dukiya ce. Shi ya sa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka shiga gina gidaje masu yawa a jere, aka yi ta yin wani fasali da suke kira doorzonwoning, wato gidan da rana ke ratsawa: babbar taga a gaba, wata a baya, falo ɗaya dogo a tsakani. Farin fenti a bango da katako mai haske a ƙasa duk don a tattala ɗan hasken da aka samu ne. Wasu kuma na danganta barin taga a buɗe da tarbiyyar Kiristanci ta ɗarikar Calvin, wadda ke ganin mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa.

Idan dare ya yi, ba sa son ƙwan lantarki ɗaya mai ƙarfi a tsakiyar rufi. Sun fi son ƙananan fitilu nan da can, da kyandir a kan tebur. Abin da suke nema suna kiransa gezellig. Kalmar ta haɗa ɗumi da sakewa da daɗin zama cikin mutane. Idan baƙo ya ce wa mai gida ɗakinsa gezellig ne, ya yi masa yabon da ya fi a ce kayansa masu tsada ne.

Fili kaɗan, dabara da yawa

Mutane kusan miliyan 18 ne ke zaune a wannan ƙaramar ƙasa, wadda wani sashenta ma daga bakin teku aka ƙwato shi. Tsofaffin gidajen da ke bakin hanyoyin ruwa na Amsterdam sirara ne dogaye, matakalarsu a miƙe take ƙwarai. Gado ko kabad ba ya hawa ta nan. Don haka akwai ƙugiya a saman gini, ana rataya igiya a jawo kaya a shigar ta taga, kuma har yau ana yin haka. Wanda ya san wahalar shigar da kujera sai ya yi tunani sosai kafin ya saya.

A shekarar 1924, wani kafinta kuma mai tsara gine-gine, Gerrit Rietveld, ya gina wa Truus Schröder da 'ya'yanta uku gida a Utrecht. Bangayen benen sama turawa ake yi: da rana a buɗe su wurin ya zama fili guda, da dare a ja su ya koma ɗakuna. Rietveld yana cikin ƙungiyar masu fasaha ta De Stijl, wadda aka kafa a 1917, masu son miƙaƙƙun layuka da launin ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, tare da fari da baƙi. Gidan yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun shekarar 2000, kuma darasinsa na nan a gidajen yau: kowane abu ya yi aiki, kada ya tare wuri a banza.

Akwai kuma wata al'ada da ke tilasta wa kowa koyon wannan aiki. Gidajen haya da dama tsirara ake bayar da su, babu shimfiɗar ƙasa, babu fitila, babu labule. Ɗan haya ne zai shimfiɗa, ya yi fenti, ya rataya. Ka ga kenan tun yana saurayi mutum ya fara sanin launin da yake so.

Abin da kakanni suka bari

A ƙarni na 17, masu zanen Holan irin su Johannes Vermeer da Pieter de Hooch sun mai da hankali kan cikin gidajen mutanen gari. A zanen Vermeer na wata mace da ke zuba madara, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum, haske na shigowa ta tagar hagu ya sauka a kan farin bango, sannan a gindin bangon ga jerin ƙananan tayil masu zanen shuɗi.

Tayil ɗin na garin Delft ne. Kamfanin cinikin gabas na Holan, da aka kafa a 1602, ya riƙa shigo da tangaram fari da shuɗi daga ƙasar Sin. Maginan tukwane na Delft suka kwaikwaya da yumɓun da suke da shi, har abin ya zama tambarin ƙasar. Ɗaya daga cikin masana'antun, Royal Delft, tana aiki tun 1653. Furen tulip ma daga daular Usmaniyya ta Turkiyya ya je musu. Dardumar gabas kuwa a kan tebur suka riƙa shimfiɗa ta saboda darajarta, kuma har yanzu akan ga haka a tsofaffin wuraren shan gahawa. Matanmu sun san wannan halin nasu na aro a mayar da shi na gida: atamfar Holan da kamfanin Vlisco ke yi a Helmond ta samo asali ne daga rinin batik na Indunusiya.

Mujalla, kanti da gwanjo

Mujallar vtwonen tana fitowa tun 1964, tana nuna gidajen mutane da yadda suka gyara su. A talabijin an yi shekaru ana nuna shirin Eigen Huis & Tuin, na gyaran gida da lambu. Dandalin sayar da gidaje na Funda kuwa, mutane da yawa na shiga ba don saye ba, sai don kallon hotunan cikin gidajen maƙwabta. Washegarin Ista, wadda ranar hutu ce, iyalai kan cika rukunin kantunan kayan ɗaki da ake kira woonboulevard, suna zagayawa suna gwada kujeru. A watan Oktoba kuma ana makon baje kolin zane da ƙira a Eindhoven, inda matasa ke nuna sababbin dabaru.

Sayen tsohon kaya ba abin kunya ba ne a wurinsu. Garuruwa cike suke da shagunan gwanjo da ake kira kringloopwinkel, ga kuma dandalin saye da sayarwa na Marktplaats. Ranar Sarki, 27 ga Afrilu, kowa na da damar baza tsofaffin kayansa a bakin titi ya sayar. Piet Hein Eek ya yi suna tun 1990 da kabad ɗin da ya haɗa da guntayen tsofaffin katakai, bai ɓoye tabonsu ba. A falo guda sai ka ga teburin kaka, da fitilar gwanjo, da sabuwar kujera daga kantin IKEA, suna zaune lafiya.

Ƙananan abubuwan da ke cika ɗaki

Babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer tana kusa da Amsterdam, furanni kuma na da sauƙin samu, har ana saye tare da cefane. Mai zuwa ziyara yakan riƙo damin fure ya miƙa wa masu gida. A bayan ƙofar banɗaki kuma akan rataya kalandar ranakun haihuwar dangi da abokai, don kada a manta da kowa. Ranar bikin zagayowar haihuwar, sai a jera kujerun falon a da'ira, kowa na ganin fuskar kowa, a zagaya da gahawa da kek.

Wannan da'irar ita ce ma'aunin duk sauran. Hasken da aka tattala, da filin da aka bari a tsakiyar ɗaki, da kujerar da aka zaɓa bayan dogon tunani, duk ana shirya su ne don ranar da mutane za su shigo su zauna, hira ta yi daɗi har a manta da agogo.