Dainamo ko Altaneta: Wutar Tsohuwar Tarakta a Ƙasar Gaya

Duk wanda ya taɓa kwana a Gafasa a makon da ruwan shuka ya sauka ya san yadda safiyar take kasancewa. Ana idar da sallar asuba masu gonaki sun taru a ƙofar gidan mai tarakta, kowa yana son a fara da tasa tun ƙasa na da laima. Direba ya hau, ya murɗa makulli, kik ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru. Sai a nemo samari su tura, ko a tashi yaro a babur ya aro batir wajen mai mota. Injin lafiyarsa ƙalau, gas cike da tanki, haro a ɗaure a baya. Wuta ce kawai ta tsai da aikin, ga rana tana ɗagawa, ƙasa tana shanye ruwanta.

Taraktocin da irin wannan ke yawan samu tsofaffi ne, kuma tsufan nasu na mutunci ne. Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Koventiri ta Ingila, da yayarta 165, da Ford 5000, sun shigo Arewa tun zamanin Audu Baƙo da shirin ciyar da ƙasa na 1976, wasu kuma daga baya aka kawo su na hannu. Bayansu aka samu Fiat da ake haɗawa a kamfanin NTM na Kano da Steyr ta Bauchi, sannan hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, KNARDA, ta zo a 1982 ta kafa hedikwatar shiyyarta ta uku a Gaya. Taraktocin bayan nan akasarinsu da altaneta suka fito daga masana'anta. Na farkon kuwa dainamo ne a jikinsu, galibi na kamfanin Lucas, tare da ɗan akwatin nan da kanikawa ke kira katawut. Idan mai irin wannan tarakta ya gaji da turi ya kai ta wajen rewaya a Gaya ko Wudil, amsar da yake ji ba ta sauyawa: "Alhaji, batirinka ba shi da laifi, abinci ne ba ya samu. Ko dai mu gyara maka dainamon, ko mu cire shi mu sa altaneta." Daga nan zaɓi ya koma hannun mai kaya.

Aikin na'urorin biyu ɗaya ne, wato mayar wa batir wutar da kik ya zuƙe, amma kowace da hanyarta. A cikin dainamo, amaca ce ke juyawa tana haifar da wuta, burushi biyu na gawayi suna gogar kanta suna kwashe wutar gaba ɗaya, katawut kuma yana daga waje yana buɗewa yana rufewa don kada caji ya yi yawa, kada kuma batir ya juye wutarsa cikin dainamon idan inji ya tsaya. A cikin altaneta an juya tsarin: maganaɗisun ne ke juyawa a tsakiya, wutar tana fitowa daga naɗin wayar da ke tsaye a gefe, dayod-dayod suna miƙar da ita, abin daidaita cajin kuma yana ciki a manne. Burushin altaneta 'yar wuta kaɗan yake ɗauka, shi ya sa yake daɗewa bai cinye ba.

Wajen yawan caji, tazarar a fili take. Rufaffen dainamon da Lucas ya yi wa taraktoci bai wuce amfiya 11 ba, mai huda irin na motoci kuma yakan kai 22. Altaneta mafi ƙanƙanta da ake ɗaurawa a madadinsa tana ba da 35 zuwa 45. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lokacin da kowanne ke fara aiki. Dainamo sai inji ya ɗau zafin gudu yake caji. Idan tarakta tana tsaye tana sulo a bakin gona ana lodin taki ko ana cinikin kuɗin huɗa, batir ba ya samun komai. Altaneta tana caji ko da inji na numfashi a hankali. Wanda ke aikin yini guda a babbar gona, inji na kuka tun safe har la'asar, ba zai ga bambanci sosai ba. Amma gonakinmu na Ajingi ƙanana ne, a warwatse, daga Gafasa a nufi Toranke, daga can a karkata Balare ko Kunkurawa, a kashe a nan a tayar a can sau goma a yini. Kowace tayarwa kik yana zuƙar ɗaruruwan amfiya cikin 'yan daƙiƙoƙi, dainamo kuma bai gama biyan bashin farko ba an sake ciwo na biyu.

Ga kuma aikin dare. A makonni biyu ko uku na farkon damina direbobi ba sa barci, domin wanda ya rasa laimar farko ya rasa rabin shekararsa. Ƙwan fitila mai wat 55 yana cin amfiya huɗu da rabi. A kunna biyu a gaba da ɗaya a baya don ganin garma, an riga an wuce abin da ƙaramin dainamo zai iya bayarwa, sauran daga batir ake yanka. A nan altaneta ta yi rinjaye. Sai dai zamani ya kawo wa dainamo ɗauki ta inda ba a zata ba: fitilun nan farare na zamani da suka cika kasuwa, mai wat 18 amfiya ɗaya da rabi kacal yake ci, haskensa kuma ya ishi mai huɗa. Mai dainamon da ya sauya fitilunsa ya rage rabin matsalarsa ba tare da ya kwance ƙusa ɗaya a jikin inji ba.

To amma tarakta a ƙasarmu ba a hannun littafin kamfani take rayuwa ba, a hannun mutane take, kuma a nan ne ma'auni ya karkata ɗaya gefen. Batir yana da tsada, don haka batir ɗaya yakan yi wa tarakta da mota da injin casa hidima. Abin da aka saba shi ne a ɗora shi, a tayar da inji, a zare shi inji na aiki, a kai wa na gaba. Tsohuwar tarakta ta yarda da wannan, domin famfon gas ɗinta ba ya neman wuta. Da zarar ta tashi sai dai a ja mata maɓallin kashewa. Dainamo ma yana jure wa haka, saboda yana riƙe da ɗan maganaɗisu a ƙarfensa da yake farawa da shi, kuma babu wani abu mai laushi a cikinsa da zai ƙone nan take. Altaneta ba ta jurewa. A zare batir tana caji, wutar ta rasa inda za ta zuba, ta yi tsalle ta ƙone dayod ko abin daidaita caji. A haɗa kan batir a juye da duhun asuba, ƙiftawa da bismilla ta tafi. A kai tarakta wajen mai walda ya like ƙarfen haro bai cire wayoyi ba, ita ma hanyar mutuwarta ce. Na ga altanetar da ba ta cika kwana goma a jikin tarakta ba ta ƙone, mai ita yana zargin wanda ya sayar masa, alhali da hannun yaron motarsa aka kashe ta, shi kuma yaron abin da ya taso ya ga ana yi wa dainamo shekara da shekaru ya yi, ba wanda ya gaya masa cewa doka ta sauya. Raina ya ɓaci a ranar, domin kuɗin buhunan gero ne suka tafi a kan kalma ɗaya da rewaya bai faɗa ba.

Ƙura ma tana da nata hukuncin. Rufaffen dainamo an yi shi ne don gona, ba ya shaƙar komai daga waje, shi ya sa aka rage masa ƙarfi don kada ya yi zafi. Altanetar mota a buɗe take, fankarta tana jan iska ta cikinta, tare da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin dawa da ɓawon gyaɗa a lokacin casa. Idan ba a hure ta, sai ta toshe ta yi zafi. Shi kuma dainamo nasa ciwon a burushi yake da bushin baya mai son ɗigon mai lokaci lokaci, da katawut wanda girgizar hanya da tsatsa ke ɓata wa saiti.

Batun gyara yana da fuska biyu. Dainamo abu ne da ake buɗewa a kan tabarma a ƙarƙashin darbejiya: a sauya burushi, a goge kan amaca da sanfefa, a kankare bakin katawut, in ta kama a sake naɗin waya. Kusan babu abin da ke mutuwa a cikinsa wanda hannu ba zai tayar ba. Amma hannun da ya san wannan aikin yana ƙarewa. Dattawan rewaya da suka koyi saita katawut suna tsufa, yaran da ke tasowa a garejin Gaya da Wudil ba su taɓa ganin motar da ke da shi ba, sababbin katawut ɗin da ake shigowa da su kuma ba duka ke da ƙarkon na da ba. Altaneta akasin haka ce. Ba kasafai ake gyara cikinta a ƙauye ba, sauya ɓangare ake yi ko a sauya ta ɗungurungum, amma tana ko'ina. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano zai samu ta hannu da aka ciro daga ƙananan motoci, kuma kowane yaron rewaya ya san wayoyinta.

A Ingila da Amurka ma ana wannan muhawara, sai dai dalilinsu daban. Can akwai masu tara tsofaffin taraktoci suna kai su baje koli, kuma darajar tarakta a wurinsu ita ce a same ta yadda ta fito daga masana'anta, har akan ƙera altaneta a ɓoye ta cikin kwanson dainamo don ido ya ga na asali. Ina girmama wannan kishin adana tarihi. Amma a Gafasa mai sayen tarakta ta hannu abu ɗaya yake tambaya: tana tashi da makulli ko sai an tura?

Akwai abin da masu gaggawar sauyi ke mantawa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Altaneta ba ita kaɗai ake sauyawa ba. Wayoyin da ke jikin tarakta mai shekara hamsin an auna su ne da amfiya 11 ko 22, robarsu ta bushe ta tsattsage, ɓeraye sun ci rabonsu a watannin da take ajiye kusa da rumbu, kuma yawancinsu babu fis a babban layin caji. A tura amfiya 45 ta cikin irin wannan waya, a tarakta mai ɗigar gas da ke tsaye kusa da tarin kara ko harawa, gobara ake gayyata. Dole a ja sabuwar waya mai kauri daga altaneta zuwa batir, a sa fis, a cire katawut daga layi gaba ɗaya, a duba ko agogon caji zai ɗauki sabon nauyin, a haɗa ƙaramin ƙwan nan ja na gaban direba, domin ta cikinsa altaneta ke samun wutar fara aiki. Wasu taraktocin Ingila na farko kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin ƙarfe, altanetar da ake samu a kasuwa kuwa mai alamar ɗebewa take so a can, don haka sai an juya batir da wayoyin agogo. Fuli ma sai ya dace da faɗin bel ya kuma tsaya a layi ɗaya da na inji, in ba haka ba bel ya riƙa cinyewa. Masu Ford 5000 suna da ƙarin asara: wayar agogon da ke ƙirga gudun inji da awannin aiki daga bayan dainamo take fitowa, idan aka sa altanetar mota agogon ya mutu, sai a koma sauya baƙin mai da ka. Wanda ya bar dainamonsa duk wannan ɗawainiya ba ta hau kansa ba, ko da yake tsofaffin wayoyin nasa ma suna jiran ranarsu.

Bayan na auna duka biyun, ga inda na tsaya. Taraktar da ke aikin haya, tana yawo gona gona, tana kwana a fili da damina tana jan tirela da rani, altaneta ta fi dacewa da ita, da sharaɗi biyu: a sabunta wayarin gaba ɗaya da fis a rana ɗaya da sauyin, kuma tarakta ta mallaki batirinta na kanta wanda ba a zarewa inji na aiki. Wanda ba zai iya cika waɗannan biyun bana ba, ya bar dainamonsa, ya nemi dattijon rewaya ya sauya burushi ya saita katawut, ya sa fitilu masu cin wuta kaɗan, zai fi masa alheri fiye da sauyin rabi da rabi. Ku kuma 'yan'uwa masu gyara a Gaya da Wudil da Ajingi, idan kun ɗaura altaneta kada ku sallami tarakta sai kun kira direba da yaronsa kun gaya musu abin da ke ƙone ta. Aikin nan kuma a yi shi tun da bazara, kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.