NGK ko Bosch: Wane Filogi Ya Dace da Hanyar Birnin Gwari?

Direban da ke bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa ba abin da yake gudu kamar mota ta mutu masa a tsakiyar daji. Ko bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mai ɗauko fasinjan ƙauyukan gefen daji ba ya son buɗe bonet a can. Shi ya sa musun filogi ba ya ƙarewa a gareji.

Bosch na Jamus shi ne dattijo, tun 1902 yake wannan sana'a. NGK kuwa a 1936 aka kafa shi a Nagoya ta Japan. Masu Golf sun fi karkata ga Bosch, wai Bajamushe sai ɗan'uwansa, masu Toyota da Honda da 'yan acaɓa kuma suna bayan NGK. Ni dai ban ga wanda ya kayar da wani ba, muddin na asali ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar zafin da ke jikin filogin. A NGK, babbar lamba tana nufin filogi mai saurin sakin zafi, a Bosch kuwa akasin haka ne. Yaron shago ya ga 7 a nan, ya ga 7 a can, sai ya ce ai duk ɗaya ne. Filogin da ya yi wa injin sanyi zai tara baƙin hayaƙi a baki, mota ta riƙa tari da safe, tana shan mai kamar ba gobe. Wanda ya yi zafi ya fi muni, don yana iya ƙona fistin. Ga kuma jabu, waɗanda sunan NGK suka fi ɗauka saboda farin jininsa. Gara filogin asali mai araha da za a canja bayan kilomita 30,000 da jabun iridiyom da aka ce zai kai 100,000.

Sau da yawa ma ba laifin filogin ba ne, silo ne ya sauka. Injin da ya ɗumama ya kamata ya tsaya tsakanin juyi 700 da 900 a minti. Mota mai kafireto da sukudireba ake daidaita ta. Mai injekta kuwa datti ne ke toshe mata maƙogwaron iska, sai an wanke, a sa na'ura ta sake saita silon. Bakaniken da ya tsallake wannan ya ja wayar totur kawai, kuɗin manka ya ƙara maka.

In Golf gare ka, sa Bosch, in motar Japan ce, NGK ko Denso. Ka tafi shago da tsohon filoginka a hannu, a gwada lamba da lamba kafin ka biya.