Daga Babban Mutum zuwa Gidan Rumfa: Yadda Ake Tsara Tafiyar Tarihi da Iyali

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, kuma mutanensa ba baƙin hanya ba ne. Kullum mota na tashi zuwa Daura da Kano, wasu kuma na tsallakawa Magarya a ƙasar Nijar. Ana tafiya fatauci, ana zuwa biki da ta'aziyya, ana kai mara lafiya asibiti. Tafiyar da ba a cika yi ba ita ce wadda magidanci zai ɗebi uwargida da yara takanas don su je su ga wuraren da ake ba su labari. Sai ka tarar yaro ya haddace Hausa Bakwai a makaranta, amma bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, alhali wanda ya yi sammako daga nan zai isa bakinta da hantsi.

Irin wannan tafiya tana da tsari, kuma tsarin shi ne rabin amfaninta. Idan aka bi wuraren barkatai, yara za su dawo da hotuna a waya kawai. Idan kuwa aka jera su yadda zamani ya jera su, za su dawo da amsar wata babbar tambaya: a ina ake yanke hukunci kan garinmu, kuma yaya aka yi wurin yanke hukuncin ya yi ta sauyawa? Hanyar ma ta taimaka, domin zagaye ne. A tashi daga Babban Mutum a bi ta Baure da Zango zuwa Daura, a wuce Katsina, a gangara Kano, a dawo gida ta Kunya da Babura. Kwana uku ko huɗu sun isa.

Baure da Zango: tarihin da ke bakin ƙofa

Mafi yawan masu wucewa ta Baure da Zango ba sa tsayawa sai don shan mai. Amma garuruwan nan biyu sun taɓa zama mazaunin sarauta. A 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga birnin. Zuriyar tsohon gidan ba ta watse ba. Wani reshe ya kafu a Zango, wani a Baure, kowanne yana riƙe da sunan Daura. Haka aka yi kusan shekara 100 ana da Daura uku. Da Turawan Ingila suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka ba shi sarautar Daura, kuma gidansa ne ke kan gadon har yau.

A daidai wannan lokaci ne Ingila da Faransa suka shata iyaka, bisa yarjejeniyoyin 1904 da 1906, wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa ɓangaren Faransa. Wannan ne ya sa yaron Babban Mutum yake da kawu ko gwaggo a tsallake, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma kuɗi da tuta daban. Tun a mota ya kamata a fara wannan bayani, don yara su san tarihi daga ƙofar gidansu ya faro.

Daura: rijiya da fada

A Daura wuri biyu ne ginshiƙi, Kusugu da fadar sarki. Rijiyar tana cikin gari, an kewaye ta da gini, akwai masu kula da ita waɗanda ke ba baƙi labari, su kuma ɗebo musu ruwan. Labarin sananne ne. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri sarauniya Daurama. Daga tsatsonsa aka ce an sami sarakunan Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram.

A nan uba ke da aikin yi. Wannan labarin baka ne, kaka da kakanni suka riƙe shi, kuma masana tarihi suna karanta shi a matsayin bayanin da Hausawa suka yi wa kansu kan asalin sarautarsu. Abu biyu ne a fili cikinsa: kafin sarakuna maza, mata ne ke mulkin Daura, su ne magajiyoyi, sannan wanda ya buɗe wa jama'a hanyar ruwa shi ya cancanci mulki. Yaron da ya san wahalar ɗiban ruwa da rani ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Fada kuwa ba gidan kallo ba ce, gidan mutum ne kuma wurin aiki. Ba a kutsa kai. Ana yin sallama ga dogarai ko fadawan da ke bakin ƙofa, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo mutum, su nuna iyakar inda baƙo zai iya kaiwa. A tambaya kafin a ɗauki hoto, a cire takalmi inda aka ga ana cirewa. Wanda ya samo takarda daga hakimin ƙasarsu, lamarinsa ya fi sauƙi. Wannan kansa darasi ne, domin sarauta tsani gare ta: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan sarki. Mai martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya gaji Alhaji Muhammadu Bashar a 2007, ƙasarsa ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Mai son yara su ga fada cikin cikakkiyar kwalliya sai ya auna hawan Sallah, ko Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. A Daura ne kuma aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ranar 15 ga Yuli, 2025, abin da ya ƙara wa garin masu ziyara.

Katsina: daga hasumiya zuwa majalisa

Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne. Idan akwai lokaci da ɗan jagora, a ratse zuwa Durɓi Takusheyi a ƙaramar hukumar Mani. Tuddai ne na kaburburan masu mulkin farko na ƙasar Katsina. Baturen mulki Palmer ya fara haƙa su a 1907, an sake haƙa a 1992, aka sami mundayen hauren giwa, kayan tagulla da zinariya, da wuri. Wasu kayan daga bayan Sahara suka fito, shaidar cewa fatauci mai nisa ya daɗe a wannan ƙasa. A Kusugu yara sun ji abin da baki ya riƙe, a nan sun ga abin da ƙasa ta adana.

Cikin birnin Katsina a fara da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake danganta asalinta da ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Korau. Ragowar babban masallaci ce kuma cibiyar karatu. Daga nan sai Gidan Korau, fadar sarki, da ƙofofin gari irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da Ƙofar 'Yanɗaka, wadda ta nan Baturen mulki Lugga ya shigo birnin a 1903. Sai tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau, tsohon ginin kuma ya zama gidan tarihi. Wannan ginin shi ne gadar da ta haɗa zamanin fada da zamanin majalisa, domin ɗaliban da ya yaye su ne suka karɓi mulkin Arewa daga hannun Turawa.

Yanzu sai a kai yara inda ake yanke hukuncin yau. A ƙarshen zamanin Turawa Daura tana cikin lardin Katsina, kuma En'e ce ke riƙe da haraji da kotu da 'yan doka. A 1967 aka saka lardin cikin Jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, a 1976 aka sauya mata suna zuwa Jihar Kaduna, a shekarar ce kuma aka kafa tsarin ƙananan hukumomi na yanzu. Ranar 23 ga Satumba, 1987 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jihar Katsina. Ke nan dattijon Babban Mutum da ya haura shekara 60 ya ga lokacin da babban birnin jiharsa yake Kaduna, ya kuma ga dawowarsa Katsina, ba tare da ya gusa daga gidansa ba.

Babban birnin jiha ƙafa uku yake tsaye a kai: gidan gwamnati, majalisar dokoki da babbar kotu. Majalisar Katsina tana da mambobi 34, Baure na da nata wakili a ciki. Gwamna ne ke kawo kasafin kuɗin shekara, majalisa ta yi masa karatu na ɗaya da na biyu, kwamitoci su zauna da ma'aikatu su bi shi layi-layi, a yi karatu na uku, gwamna ya sa hannu ya zama doka. Rijiyar burtsatse, ajin makaranta ko ɗakin haihuwar da ake jira a ƙauye, ta wannan hanya kuɗinsu ke bi. Gidan gwamnati ba a shiga sai da dalili, daga waje ake ganinsa. Majalisa kuwa tana da wurin zaman 'yan kallo. Abin da ya fi shi ne a tuntuɓi ofishin wakilin mazaɓa tun kafin a taso, a ji ranar da ake zama, a kuma riƙe katin shaida.

Kano: inda komai ya taru

Daga Katsina zuwa Kano ta Kankiya da Bichi kimanin kilomita 170 ne. A kwana, a hau Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, domin daga samansa ake ganin yadda birnin ya shimfiɗu. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a wannan dutse, kuma bisa lissafinsa Bagauda ya fara sarauta a 999, Gijimasu ya fara gina ganuwa a ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina Gidan Rumfa, fadar sarki, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Kusa da fada akwai Gidan Makama, gidan tarihi mai ɗakuna da aka jera bisa zamani. A marinar Ƙofar Mata yara za su ga rini da baba da toka a karofi, sana'ar da ake lissafa farkonta tun 1498. Gidan Ɗan Hausa kuma shi ne mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Kano ta zama jiha a 1967, Audu Baƙo ne gwamnanta na farko, kuma sakatariyar jihar sunansa take ɗauke da shi. A hanyar komawa ta Babura za a ratsa Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991. Jiha uku ke nan a tafiya ɗaya.

Shirin hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. An gama aikin gona, akwai ɗan abin hannu, zafi ya sauka, ga hutun makaranta na Disamba. Bazara tana galabaitar da yara, damina kuma tana ɓata ƙananan hanyoyi. Kafin a tashi a kai mota wurin bakanike ya duba birki da taya da ruwan inji, a tabbatar takardunta ba su ƙare ba, domin hanyar bakin iyaka shingen jami'ai gare ta da yawa. Wanda ba shi da mota, iyali biyu na iya haɗa kuɗi su ɗauki shatar ƙaramar bas.

Batun tsaro ba a wasa da shi. Wasu sassan jihar Katsina, musamman yamma da kudu, sun sha fama da 'yan bindiga. A tsaya kan manyan hanyoyi, a yi tafiya da rana, a isa masauki kafin magariba, kuma kowace safiya a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Matambayi ba ya ɓata.

Mafi yawan kuɗin a mai da masauki yake tafiya. Sauka wurin dangi yana rage nauyi, ya kuma ƙara zumunci. Guzuri daga gida, irin su dambu, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, dabino da ruwa mai tsabta, ya fi sayen abincin bakin hanya. Gidajen tarihi suna karɓar kuɗin shiga kaɗan, kuma kyautatawa ce a sallami wanda ya zagaya da ku. Tafiyar ta kai nisan ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, don haka dama ce ta koya wa yara sallar matafiyi a aikace.

Kada a cika wurare. Uku a rana sun ishi yaro. A ba kowane ɗa littafin rubutu da aikinsa: wannan ya rubuta sunayen garuruwan da aka wuce, wannan ya rubuta shekaru, ƙaramin ya zana abin da ya gani. Da dare uwa ta sa kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya. Kuma kada a bar 'yan mata a gida, domin tarihin da za a fara gani a Daura na sarauniyoyi ne.

Gine-ginen nan na ƙasa ne, damina na cin su kowace shekara, ganuwar Kano da ta Katsina kuma gidaje da tituna sun cinye mafi yawansu. Wurin da jama'arsa ba sa ziyarta, hukuma ma ba ta cika damuwa da gyaransa ba. Don haka iyaye, ku sa wannan tafiya cikin lissafin kakar bana. Wanda bai da ƙarfin zagayen duka, ya fara da Baure, Zango da Daura a yini ɗaya, baɗi in Allah ya kai mu ya ƙarasa Katsina da Kano.