Kaset ɗin Kawu na 2004

Kawuna direban tasi ne a Birmingham, amma golf ya koya tun yana yaro mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a Kaduna. Tun da aka yi masa aiki a gadon baya, ƙwallonsa ta daina tafiya miƙe, kullum sai ta karkace dama. Mai horar da shi ya ce da zai ga yadda yake bugu a da, da ya gane inda gizo ke saƙa. Da na je hutun ƙarshen mako daga jami'a, sai ya dire mini kaset ɗin MiniDV na 2004. "Ke ce 'yar boko, ki fito mini da shi."

Na ɗauka aikin minti 10 ne. Ashe irin waɗannan kyamarori ta igiyar FireWire suke tura bidiyo, kwamfutocin yanzu kuwa ba su da kafarta. Sai da na aro wata tsohuwar kwamfuta a sashenmu. Kuma ba a gaggawa: kaset na awa 1 sai ya cinye awa 1 cur yana juyawa, ya kuma ci wajen gigabait 13.

Sabon bugunsa da wayata na ɗauka. In za ku gwada, kada ku tura bidiyon ta WhatsApp yadda aka saba, matse shi yake yi har sandar ta dushe. Ku kwafe shi da igiya.

Na jera su gefe da gefe a Kinovea, manhajar kyauta da ake bin bidiyo da ita hoto bayan hoto, a ja layi a jikin ɗan wasa. Tsohon kaset hoto 25 yake ɗauka a daƙiƙa, saukowar sanda kuma kusan kwatar daƙiƙa ce, wato hoto 6 ko 7 ke nan, su ma dishi-dishi. Wayar, mai 240 a daƙiƙa, ta ba ni wajen 60. Duk da haka ƙugu ya fito sarai: a da shi ke fara juyawa kafin hannu ya biyo, yanzu kafaɗa ce ke riga shi, don Kawu yana tsoron bayansa.

Ina cikin yi masa wannan bayani sai muka ji dariya daga kaset ɗin. Marigayiya matarsa ce ke riƙe da kyamarar, tana tsokanarsa wai ya fi ƙwallon tono ƙasa. Ban san da muryarta a ciki ba.

Kawu ya cire tabarau. "Mayar da shi baya kaɗan," in ji shi.