Me Ya Sa Masu Motocin Tsere Ke Matso Da Taimin Gaba?

Wani mai sauraronmu, direban a-kori-kura daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ya ji masu haɗa injin motar tsere a Amurka kan matso da taimin gaba don ƙarin ƙarfi. Wai shin in ya sa an yi wa Fijo 504 ɗinsa haka, za ta fi jan buhunan masara?

To Malam, a cikin inji akwai wani sandan ƙarfe mai ƙusoshi, makanikai na ce masa kamshaf. Shi ke buɗe bawul mai da iska su shiga, ya buɗe wani hayaƙi ya fita. Sarƙa ko bel ke haɗa shi da karanshaf, kuma sai karanshaf ya juya sau 2 kafin shi ya juya sau 1. Daidaita juyin nan nasu shi ake kira taimin. Kada ka haɗa shi da taimin na wutar fulogi, wannan daban ne.

In aka matso da kamshaf gaba, galibi digiri 2 zuwa 4, bawul ɗin shigar mai zai rufe da wuri. Fistin zai matse abin da ya shiga sosai, mota ta tashi da ƙarfi tun inji na juyi a hankali. Amma fa in an kai ga gudu mai tsanani, sai numfashinta ya ragu. In aka ja shi baya, akasin haka ne. Wato ba ƙarfi aka ƙirƙiro ba, wurin zamansa aka canja. Shi ya sa tun 1980 kamfanin Alfa Romeo ya fito da injin da ke canja taimin da kansa, yanzu kuma Toyota da Honda duk sun cika hanya da irinsa.

Masu tseren nan ba da ido suke yi ba. Suna ɗaura faifai mai digiri 360 a bakin karanshaf, da agogon awo a kan bawul. Har laka sukan manna a kan fistin su juya injin da hannu, su ga ko ratar da ke tsakaninsa da bawul ta kai milimita 2. In ba ta kai ba, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi, aiki ya koma sabo.

Don haka kada ka yarda wani ya tsallake maka haƙori ɗaya na sarƙa da sunan ƙarin ƙarfi, domin haƙori ɗaya ya wuce digiri 10. Shawararmu, ka sa a duba sarƙar taka tukuna. In ta tsufa takan saki, taimin ya koma baya da kansa, motar ta riƙa kasala a hawa. Sabuwar sarƙa a kan alamar da kamfani ya buga ta wadatar da kai, sa'an nan a sake saita wutar fulogi.