Jandarma Ba Ya Karanta Tsagar Gobir

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ya san iyakar da ke arewacin Sabon Birni ba ta raba jini ba. Kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, amma gidan sarautar da ya tashi daga can ya je ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Daga Tsibirin ne kuma wani ɗan gidan sarautar mai suna Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni. Gulbin Maraɗi ma bai san da zaman wata iyaka ba, domin daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa Maraɗi da Gidan Rumji, ya sake faɗowa Nijeriya ya haɗe da gulbin Rima. Layin da Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kansa a 1898 da 1904 da 1906 ya zo ya tarar da mutane suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, suna kai wa juna gaisuwar mutuwa, kuma har gobe ba su fasa ba. Shi ya sa idan ka ce wa Bagobirin Isa ko na Gatawa ya nemi takarda kafin ya je suna a Gidan Rumji, zai dube ka kamar ka ce ya nemi izini kafin ya shiga ɗakin uwarsa. Ta fuskar tarihi yana da gaskiya. Sai dai jandarman da ke tsaye a shinge ba tarihi aka turo shi ya duba ba, kuma tsagar da ke kumatun mutum ba ta cikin abin da doka ta ce a nuna.

Kuskuren da ya fi yawa a bakin iyaka shi ne ɗaukar "babu biza" a matsayin "babu takarda". An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, a Legas a 1975, kuma a watan Mayun 1979 ƙasashenta suka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a. Abin da yarjejeniyar ta ɗauke wa ɗan ƙasa shi ne zuwa ofishin jakadanci neman biza. Ba ta ɗauke masa sauran sharuɗɗa ba. Ta ce ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya, ya riƙe katin rigakafi, ya shiga ta mashigar da hukuma ta sani, kuma zamansa kada ya wuce kwana 90 sai da ƙarin izini. Ta kuma bar wa kowace ƙasa damar ta hana wanda dokarta ba ta yarda da shi ba shiga. Takardar tafiya a nan tana nufin fasfo, ko ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, wadda kuɗinta bai kai na fasfo ba. Katin rigakafi kuwa shi ne ruwan ɗorawan nan na ciwon shawara, wanda ke fara aiki kwana 10 bayan an yi allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Saboda haka wanda ya hau babur ya bi ta ɓarauniyar hanya ya ɓulla ƙasar Madawa hannu rabbana, ko da gidan kawunsa za shi, bai shiga da haƙƙin da ECOWAS ta ba shi ba. Ya shiga ne bisa kawaicin jami'in da ya kau da kai.

Za a ce ai shekara da shekaru haka ake yi, kuma ba abin da ya faru. Haka ne, kawaici ya daɗe yana aiki. Amma a duba abin da 'yan shekarun nan suka nuna. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai Disambar 2020, inda Illela ta kasance cikin mashigai huɗu na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an sake garƙame iyakar har zuwa Maris na 2024. Sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Gaskiya ne ɓangarorin biyu sun ba da sanarwar cewa jama'a za su ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba. To amma a lura da bambancin: a da, yarjejeniya ce ta ɗaure Nijar da Nijeriya, yanzu sanarwa ce, ta ECOWAS ma cewa ta yi sai abin da hali ya yi nan gaba. Abin da aka bayar da sanarwa ana iya janye shi da sanarwa. A cikin watan na Janairu kuma gwamnatin Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu, wadda ta tsaurara batun riƙe takardar tafiya ko ta zama. A irin wannan yanayi, dogaro da cewa "sun san fuskata a shinge" ganganci ne, domin jami'in da ya san ka ana iya sauya masa wurin aiki gobe.

Tarihi ma ya nuna wa ake fara kamawa ranar da kawaici ya ƙare. A Nuwambar 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Hausawan zango, fataken goro da mahauta da 'yan ƙwadago, wasunsu a can aka haife su. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari, ɗan jiharmu ta Sakkwato, ta yi irin haka ga baƙin da ba su da takardu, kusan mutum miliyan biyu suka kwashe komatsansu, cikinsu har da 'yan Nijar da yawa, alhali yarjejeniyar Dakar tana nan da ranta. A duka biyun ba a tambayi kowa harshensa ko addininsa ko wanda ya aura ba. Takarda aka tambaya.

Hujja mafi ƙarfi da talaka ke da ita ita ce ta kuɗi da wahala, kuma ba hujjar da za a yi wa dariya ba ce. Daga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Kafin a kai ga fasfon sai an mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa, kafin ita ma ana son shaidar haihuwa ko ta shekaru. Ofishin fasfo yana Sakkwato, hanyar Sabon Birni zuwa Goronyo da ta Isa zuwa Marnona kuwa kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su. Mutumin da ya sayar da akuya ya biya kuɗin fansar ɗan'uwansa, yaya za a ce masa ya tara dubu ɗari don ɗan littafi? Amma a yi lissafin ɗaya gefen. Mai fataucin albasa ko dabbobi da ke tsallakawa kowace ranar kasuwa, a kowane shinge ana sauke shi daga mota, a tsayar da shi a rana, sai ya miƙa 'yan sefa ko naira kafin a ce ya hau. Ba a ba shi rasit, kuma abin da ya biya yau bai rage masa na mako mai zuwa ba. Idan ya haɗa na shekara zai ga rashin takarda ba araha ba ne, biya ne kaɗan-kaɗan wanda ba ya ƙarewa. Wani zai ce ko da takardar ma sai an karɓi na goro. Sau da yawa haka ne, kuma abin kunya ne ga masu kaki na ƙasashen biyu. Sai dai mai takarda roƙonsa ake yi, yana iya tsayawa ya yi gardama ko ya kai ƙara, shi kuwa marar takarda umarni ake ba shi, domin ya san idan ya ɗaga murya shi ne mai laifi.

Akwai mutanen da wannan magana ba ta hau kansu ba, kuma adalci ne a ware su. Tun daga 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka jihar Maraɗi da tsakar dare, mata da goyo, ba don yawon buɗe ido ba. Wanda ya gudu don tsira da ransa ba a tambayarsa fasfo, dokar duniya ta hana a mayar da shi inda ake neman kashe shi, kuma mutanen Gidan Rumji da Cadakori sun karɓi 'yan'uwansu hannu bibbiyu. Amma ko shi, da ƙura ta lafa, rajista ce ke ba shi kariya. Sunan da aka rubuta a hannun hukumar 'yan gudun hijira shi ne ke raba shi da wanda za a zarga da leƙen asiri, kuma jaririn da aka haifa a can idan ba a yi masa takardar haihuwa ba, zai girma babu ƙasar da ke da shi a rubuce.

Inda abin ya fi muni shi ne idan saurayi ya ɗauki al'adar bakin iyaka ya yi doguwar tafiya da ita. Aljeriya da Libiya ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, ɗan Nijeriya sai da biza yake shigarsu. Direban da ya ce zai kai ka daga Agadas ba tare da takarda ba, dole ya kauce wa hanyar da ke da jami'ai, wadda kuma ita ce mai rijiyoyi. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Waɗanda suka isa ma, Aljeriya takan kwaso su ta zube a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 a ƙafa zuwa Assamaka.

Ga mai niyyar ƙasa mai tsarki kuwa, biza iri-iri ce, kowace da aikinta. Ta Umara ko ta ziyara ba ta halatta aikin Hajji, ba ta kuma halatta zama neman kuɗi. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar da za ta raba su da zafin rana. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora, ga hana shiga na shekara 10. Ita kanta biza ta gaskiya izinin isa bakin ƙofa ce kawai, jami'in filin jirgi ne ke da maganar ƙarshe. A Nuwambar 2023 wani jirgi da ya bi ta Kano ya sauka Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu, aka dawo da 177. Idan mai biza a hannu zai gamu da haka, ina ga wanda dillali ya karɓe masa fasfo ya ce "kar ka damu, akwai mutanenmu a can"? Kafin ka ba kowa kuɗi, sa wanda ya iya karatu ya duba maka abu huɗu: irin bizar, adadin kwanakinta, ko sunan da ke jikinta ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, da kuma ko fasfon yana da sauran wata shida.

Nauyin bai tsaya kan talaka kaɗai ba. Hukumar da ke son mutum ya bi doka sai ta kawo masa dokar inda ƙafarsa za ta iya kaiwa. Shugabannin ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da sarakunan Gobir, da 'yan majalisar yankin, su matsa a riƙa kawo rajistar shaidar ɗan ƙasa da allurar shawara da takardar tafiya cikin garuruwan nan a ranakun kasuwa, maimakon a tilasta wa mutane ratsa dajin Gundumi don hoto da dangwalen yatsa. Kai kuma mai shirin tsallakawa, ka yi wa 'ya'yanka takardar haihuwa tun suna goye, ka mallaki lambarka, kuma kafin ka ɗaura kaya ka tambayi ofishin shige da fice ko ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano wace takarda ake karɓa a yanzu, domin ƙa'idar bara ba lallai ta zama ta bana ba.