Ƙwayar Ciwon Hanta Nau'in B: Danginta da Yadda Suka Bazu a Duniya

Ciwon hanta nau'in B cuta ce da wata mitsitsiyar ƙwaya, wadda masana ke kira bairos, take haddasawa. Takan shiga jiki ta jini, ko ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri yayin haihuwa, sannan ta yi gida a hanta, ta yi shekaru tana ɓarna ba tare da mai ita ya sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ta yi ajalin mutum miliyan 1.1 a wannan shekara kaɗai. Sai dai ƙwayar da ke jinin mutumin Kano ta sha bamban da ta mutumin Sin ko na Meksiko. Kamar yadda harshe guda kan kasu zuwa karuruwa, haka ita ma ta kasu zuwa dangi-dangi, kowane da yankin da ya fi yawa.

Yadda Aka Gano Dangin

A shekarar 1965 wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya bayyana wani sinadari da ya gano a jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostireliya. Daga baya aka tabbatar cewa ɓawon wannan ƙwaya ne. Da farko da ɓawon ake rarrabe ire-irenta, har zuwa 1988 lokacin da Hiroaki Okamoto da abokan aikinsa a Japan suka kwatanta saƙon gadon ƙwayar, wanda ke ɗauke da haruffa kusan 3,200. Suka kafa ƙa'ida cewa duk ƙwayoyi biyun da bambancinsu ya kai kashi 8 cikin ɗari, danginsu daban ne. Da haka aka sami dangi huɗu, daga A zuwa D, aka kuma ci gaba da gano wasu har suka kai goma, daga A zuwa J. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa waɗannan haruffa sunayen dangi ne a cikin ƙwayar nau'in B kawai. Ciwon hanta nau'in A da nau'in C wasu ƙwayoyi ne dabam ke jawo su.

Rabuwarsu a Taswira

Dangin A ya fi yawa a gabashi da kudancin Afirka da kuma arewacin Turai. B da C su ne suka mamaye Sin da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. D ya bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Indiya. F na 'yan asalin Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne da na Alaska, H kuwa cibiyarsa Meksiko. G da I da J ba su da yawa. J ma a jikin wani Bajapane aka gano shi a 2009. Wannan rabuwa sawun tafiye-tafiyen ɗan'adam ne, domin ƙwayar ba ta ƙafa, sai inda mai ita ya kai ta. Tsohuwar abokiyar tafiya ce kuwa, don an sami ɓurɓushinta a ƙasusuwan mutanen da suka rasu kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Dangin E da Abin Mamakinsa

Dangin E shi ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Senegal, ta Nijar da Nijeriya, har Angola da Namibiya. Abu biyu game da shi sun ɗaure wa masana kai. Na farko, duk da faɗin wannan yanki, bambancin da ke tsakanin ƙwayoyinsa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, alamar bai daɗe da yaɗuwa ba. Na biyu, daga wannan yanki ne aka kwashi miliyoyin bayi zuwa nahiyar Amurka tsakanin ƙarni na 16 da na 19, amma da wuya a sami E a jikokinsu. Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan ƙasar Haiti ya nuna dangin A ne ya rinjaya a can, har da wani reshensa da ake samu a kudu maso yammacin Nijeriya. Ke nan E ya bunƙasa ne bayan cinikin bayi. Wasu masana na ganin allurai na gama-gari da aka riƙa yi a zamanin mulkin mallaka, da sirinji ɗaya ga mutane da yawa, sun taimaka wajen baza shi.

Amfanin Wannan Sani

Dangin ƙwayar na da tasiri kan yadda cutar ke kasancewa. A Asiya an lura cewa C ya fi B jawo ƙandarewar hanta da sankara. Wani reshe na A a kudancin Afirka yakan kawo sankarar hanta ga samari tun da ƙuruciya. Haka kuma allurar magani ta intaferon ta fi aiki a kan A da B fiye da C da D.

Abin farin ciki shi ne dukkan dangin suna da wani sashe iri ɗaya a ɓawonsu, don haka allurar rigakafi guda ta ishe su duka. Nijeriya ta sanya ta cikin rigakafin yara a 2004, kuma ana son a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Dalili kuwa, cikin jarirai goma da suka kamu, kusan tara za su ci gaba da ɗaukar ƙwayar har girma, alhali a manya abin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. A Afirka yara da yawa kan kamu tun suna ƙanana ta hanyar jini, saboda haka askar wanzami ta tsaga ko kaciya ko cire belu, da reza da allura, bai kamata a yi tarayya a kansu ba. Wanda bai san matsayinsa ba kuwa, gwajin jini a asibiti zai nuna masa ko rigakafi yake bukata ko kulawar likita.